Dorugu, yaron Damagaram da ya ba da labarin kansa a Ingila

A cikin Hausawan da suka fara ba da labarin rayuwarsu har aka buga shi a littafi akwai wani ɗan ƙasarmu, Dorugu, wanda aka haifa wajajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana yaro mahara suka kama shi, suka raba shi da ubansa, aka yi ta cinikinsa har ya kai Kukawa ta Barno.

Can wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaron ya koma hannun Heinrich Barth, wanda mutane suka sani da Abdul Karim. Tare suka ratsa Damagaram, da Katsina, da Sakkwato, suka ƙetare kogi a Sayi, har Tumbutu. Mai karatu ya dubi wannan: yaro ya biyo ta ƙasar haihuwarsa, ɗa ne ba bawa ba, amma bai zauna ba, ayari ya wuce da shi. A 1855 ya isa Ingila tare da abokinsa Abbega.

Wani limamin Kirista, J. F. Schön, shi ya riƙe shi a gidansa. Nan Dorugu ya riƙa faɗi, Schön yana rubutawa: gida, da bauta, da hamada, da al'adun Nasara da suka ba shi mamaki. Ba kuka yake yi a cikin labarin ba. Rabuwa da iyaye ma a taƙaice ya faɗe ta, kamar yadda Bahaushe ke yi wa abin da ya fi ci masa rai, kuma wannan kawaicin shi ya fi taɓa zuciya.

Sai dai riƙo yana da nasa farashi. Labarin ya fito a 1885 cikin Magana Hausa, sunan Schön ne a bango. Harshen da yaron ya tsira da shi, da shi Schön ya gina nahawunsa na 1862.

Dorugu ya komo Afirka a 1864. Daga baya ya yi koyarwa a makarantar Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, a Nasarawa ta Kano, inda ya rasu a 1912. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman sun fitar da labarin cikin Ingilishi.