Jinin Da Ya Ƙi Daskarewa: Aunin Kwalba Na Minti 20

Kaka ta yi, ana yankan gero da dawa, ana ɗaure damuna. To, wannan lokaci ne kububuwa takan laɓe ƙarƙashin kara da harawar wake. Ita ce ake kira gobe da nisa. Gajeruwa ce, ba ta cika wuce kamu ɗaya ba, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda ake auna jini a asibiti a gane wannan.

Yadda jini yake tsayawa

In lauje ya yanke mutum, jini yakan zuba kaɗan, sa'an nan ya tsaya. Dalili kuwa, Allah ya sa abu biyu cikin jini. Na fari waɗansu 'yan ƙwayoyi ne ƙanana da suke taruwa su toshe bakin rauni. Na biyu waɗansu sinadarai ne, yawancinsu hanta take yinsu, su ne suke saƙa zare kamar koma su ɗaure toshiyar. Dafin kububuwa yana sa jiki ya yi ta saƙa zaren nan a banza, har kayan saƙar su ƙare. Sai ya zama kamar rumbun da aka kwashe tun kafin bazara. Daga nan jini ya dinga tsattsafowa daga dasashi, da tsohon rauni, ya fito cikin yawu ko fitsari. Wani ma yakan zuba cikin ciki ko cikin kai, inda ido ba ya gani.

Abin tsoron shi ne, wanda aka sara yana iya tashi ya yi tafiya, ya ci tuwo, a ce ya warke, alhali jininsa ya riga ya zama ruwa.

Yadda ake aunin

Tsakanin 1970 da 1974 wani likita ɗan Ingila, David Warrell, ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shi da abokan aikinsa suka bi diddigin mutanen da kububuwa ta sara a ƙasar Arewa, suka buga sakamakon a 1977. Aunin da suka dogara da shi, yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da shi.

Malamin asibiti zai ɗebi jini daga jijiya, kamar mililita 2, watau bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Zai zuba cikin 'yar kwalba ta gilashi, sabuwa, mai tsabta, busasshiya. A ajiye, kada a taɓa, har minti 20. Sa'an nan a karkata ta sau ɗaya. In jinin ya daskare ya tsaya, madalla. In ya kwarara kamar ruwa, dafi ya shiga jini, sai a ba da allurar kashe dafi ba tare da ɓata lokaci ba.

Ku lura, kwalbar roba ba ta yi. Wadda aka wanke da sabulu ma tana ruɗin mutum, domin jinin mai lafiya yana iya ƙin daskarewa a ciki. In aunin fari ya yi kyau, akan sāke shi can gaba, gama dafi yana iya jinkiri. Bayan an yi allura kuma a sāke bayan awa 6. In har yanzu bai daskare ba, a ƙara allura. Saboda haka kada ku matsa a sallami majinyaci da wuri. Ku sani kuma yaro ba a rage masa magani, domin maciji bai rage masa dafi ba.

Abin da ba za mu yi ba

Kada a tsaga wurin saran, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba. Tsaga a jikin wanda jininsa ba ya tsayawa ƙara masa ciwo ne. Baƙin dutsen nan da waɗansunmu suke ajiyewa a gida ba ya zuƙe dafi. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, gama suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. A cire zobe da awarwaro, a kwantar da shi, a ɗauke shi zuwa asibiti, kada ya taka da ƙafarsa.

Wanda aka haifa da ciwon

Akwai kuma wanda tun haihuwa jininsa ba ya saurin tsayawa. Ana kiran ciwon himofiliya. Yawanci maza yake kamawa, ta wajen uwa ake gadonsa. Aunin kwalba bai isa a gane shi ba. Sai an kai jinin ɗakin gwaje-gwaje, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Can za a ƙirga 'yan ƙwayoyin nan, waɗanda ga mai lafiya sukan kai 150,000 zuwa 450,000 a ɗigon da ake kira maikurolita. Za a kuma yi awo biyu da agogo, PT da APTT. Ga mai himofiliya PT yakan fito daidai, APTT ya yi tsawo. To, kafin a kai yaro wurin wanzami don kaciya ko cire belu, a tambayi uwarsa: cikin kawunansa akwai wanda jininsa ya taɓa ƙin tsayawa? In akwai, asibiti tukuna.

Shawara ga ƙungiyoyi

A taronku na gaba bayan sujada, ku tsai da abu uku. Ku ware kuɗi cikin asusu don mota da magani, gama allurar tana da tsada. Ku zaɓi mutum ya je ya tambayi asibitin da ke kusa ko suna da allurar da kwalbar gilashi, tun ba a sari kowa ba. Ku sayi takalman roba dogaye da tocila a kan sari, a raba wa mambobi.

Mu yi addu'a, mu kuma gaggauta da ɗan'uwanmu zuwa asibiti. Ubangiji ya kiyaye mu, ya sa albarka ga amfanin bana. Amin.