Wasan Gona Cikin Kwamfuta: Abin da Zai Koya wa Manomi

'Yan'uwa manoma na Tsiga da kewaye, yaranmu da yawa suna wasan noma a wayar hannu, iyaye kuwa suna cewa ɓata lokaci ne. Mun ga ya kamata mu bayyana ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin nan, gama akwai abin koyi a cikinsa.

Sunansa SimFarm. Wani kamfani na Amurka mai suna Maxis ya fito da shi a 1993. Ana ba mai wasa fili da ɗan jari. Shi zai zaɓi abin shuka daga cikin iri 24, har da masara, dawa, auduga, gyaɗa da waken suya. Shi zai sayi taki da maganin ƙwari da injin noma. In kuɗi ya gaza, ya ci rance a banki. Daga nan kwamfuta ta riƙa juya kwanaki: wani lokaci ruwa ya yi daidai, wani lokaci fari, ko fara ta sauka, ko farashi ya faɗi. Shekara guda takan wuce cikin ɗan lokaci, mutum ya ga ribarsa ko hasararsa a rubuce.

Wanda ya daɗe yana wasan yakan gane abu uku. Na ɗaya, wanda ya cika gonarsa da iri ɗaya, masifa ɗaya ta ishe shi. Na biyu, rance ba kyauta ba ne, ruwansa yana hawa ko an girbe ko ba a girbe ba. Na uku, mai wurin ajiya yana iya jiran farashi ya tashi, amma wanda bashi ya matsa wa dole ya sayar da araha.

Mu nan ba a wasa muka koyi waɗannan ba. Dattawanmu suna tuna farin 1973, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975. A shekarar nan ta 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ya yi aiki har 1980. Takin zamani da sabon irin masara suka bazu a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, mutane da yawa suka rage dawa suka koma masara. Amma masara ba ta yi sai da taki. Da taki ya yi tsada, sa'an nan tsutsar masara ta shigo Nijeriya a 2016, wanda ya bar 'yar dawarsa da wakensa shi ya sami sauƙi.

Sai dai wasa wasa ne. In gonar kwamfuta ta lalace, a danna a sake sabuwa. In taka ta lalace, iyali ne za su kwana da yunwa a watan Agusta. Kuma wasan bai san gayya ba, bai san ɗan'uwa da zai ranta maka iri ba, bai san kuɗin makaranta ko na asibiti ba.

Saboda haka ga shawararmu: ku yi wasan a takarda tun da bazara, kafin ruwan shuka. Ku zauna da uwargida da yaro mai karatu. Ku rubuta kuɗin iri, taki, huɗa, noma da girbi. Ku rubuta buhu nawa iyali za su ci har wata kaka, ku ware shi tukuna. Sa'an nan ku tambayi kanku: in ruwa ya ɗauke mako uku fa? In farashin kaka ya faɗi, buhu nawa za a sayar a biya rance? In lissafin bai fita ba a takarda, ba zai fita a gona ba. Gara a rage eka, a ƙara takin gida.

A cikin Luka sura 14 Ubangiji ya yi zancen mai gini da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya fara. Manomi ma haka ne. Mu yi namu lissafi, Allah ya ba mu damina mai albarka.