Jakada Münir Ertegün: Gaskiya ko Jita-jita?

Mehmet Münir Ertegün ya wakilci Turkiyya a Washington daga 1934 har rasuwarsa a Nuwamba 1944, bayan ya yi jakadanci a Bern da Paris da Landan. Labarai da dama na yawo a kansa, wasu na tsaye da ƙafafunsu, wasu kuma an ƙara musu gishiri.

Ana cewa don girmamawa zalla Amurka ta ɗora gawarsa a jirgin yaƙin ruwa USS Missouri zuwa Istanbul. Gaskiya ce, amma rabinta. Jirgin ya isa ranar 5 ga Afrilu 1946, kusan shekara ɗaya da rabi bayan rasuwar. A lokacin shugaban Tarayyar Soviet, Stalin, ya matsa wa Turkiyya lamba, yana neman yankunan Kars da Ardahan da kuma sansanin soja a mashigan ruwan Bosphorus da Dardanelles. A kan wannan jirgi ne Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya a 1945. Duk wanda ya ga manyan bindigoginsa a bakin Istanbul ya san Mosko aka aika wa saƙon.

Cewa shi ya kafa kamfanin faya-fayen waƙa na Atlantic Records kuwa jita-jita ce. Ɗansa Ahmet ne ya kafa shi tare da Herb Abramson a 1947, uban na kabari.

Batun cewa ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar gidansa gaskiya ne, kuma nan ne na fi ganin girmansa. A zamanin da otal-otal da gidajen abinci na Washington ke korar baƙin mutum, 'ya'yansa Ahmet da Nesuhi kan gayyato makaɗan jazz baƙaƙe gidan jakadan. Ta babbar ƙofa suke shiga, su zauna a ci abinci tare, sannan a kaɗa. An yi ƙorafi, bai hana ba.

Masu cewa bai da tabo fa? Ban yarda ba. Shi ne ya dage wa ma'aikatar harkokin wajen Amurka har kamfanin MGM ya fasa yin fim da littafin Franz Werfel kan Armeniyawan da suka kare kansu a tsaunin Musa Dagh a 1915. Umarnin Ankara ya bi, amma da hannunsa aka danne labarin mutanen da aka zalunta.