AIKIN KULLUM SHI NE TUSHEN ARZIKI: DARASI DAGA GONAKIN ASSAKIO

Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya sani cewa yawan amfanin da ake samu daga aiki ba ya dogara ga ƙarfin da aka zuba a rana ɗaya. Yana dogara ne ga yin abin da ya dace a ranar da ta dace, da kuma dagewa a kan haka shekara da shekaru. Manoman Assakio, wani gari da ke gabas da Lafiya a Jihar Nasarawa, sun ishi kowa misali.

Abin da Doya ke Bukata

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman doya, domin ita ke samar da kimanin kashi biyu cikin uku na doyar duniya, kuma ƙasar Lafiya tana cikin wuraren da suka yi suna a wannan sana'a. Doya takan yi wata bakwai zuwa tara a ƙasa kafin a haƙe ta. Manomi zai tara ƙasa tuli-tuli, ya binne iri, ya rufe kan kowane tuli da busasshiyar ciyawa don kada zafin rana ya ƙone irin. A watannin farko doya ba ta saurin girma, saboda haka ciyawa kan riga ta cin takin ƙasa. Wanda ya jinkirta noman fari da mako biyu ko uku, ko da daga baya ya tara gayya, ba zai mayar da abin da ciyawa ta cinye ba.

Haka riɗi yake. Idan ya nuna aka bar shi a gona, kwansonsa zai tsage, ƙwayar ta zube ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza.

Bayan Girbi

Aiki ba ya ƙarewa da haƙar doya. Manomi mai hankali yakan duba ma'ajiyarsa a kai a kai, ya fitar da wadda ta fara ruɓewa kafin ta shafi sauran, ya karye tsiron da ke tsotse ta. Sa'an nan yakan ware irin baɗi tun kafin ya kai kaya kasuwa. Wanda ya sayar da irinsa saboda farashi ya yi kyau, ya sayar da gonar shekara mai zuwa ke nan.

Darasi ga Ƙasa

A 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, a 1980 kuma aka kawo wani sabon shirin bunƙasa noma. Kowannensu ya tashi da ƙarfi, amma ya dushe da sauyin gwamnati. A ƙarshen shekarun 1970 aka kafa shirin raya aikin gona na Lafiya tare da taimakon Bankin Duniya. Irin waɗannan shirye-shirye sun yi amfani da tsarin da malamin gona zai ziyarci manoma duk mako biyu a ranar da aka tsayar. Ƙarfin tsarin yana ga cika alkawarin ranar, domin shawarar da ta zo bayan shuka ba ta da amfani.

Abin da Ake So Kowa ya Yi

1. Ya tsayar da aiki ɗaya mafi muhimmanci tun da safe, ya gama shi kafin ya kama wani.
2. Ya yi kowane aiki a lokacinsa.
3. Ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, don ya gwada bana da bara.
4. Ya huta daidai gwargwado, domin jikin da aka gajiyar yau ba zai fita gobe ba.
5. Ya tanadi jarin gaba kafin ya ci riba.

Wannan gargaɗi ya shafi akawu a ofis, da malami a aji, da maƙeri, da ɗan kasuwa, kamar yadda ya shafi manomi. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Arzikin gida da na ƙasa ma haka yake taruwa, rana bayan rana.