Daga Filin Jirgin Sama Zuwa Bakin Teku: Zangon Da Ke Gaban Tafiyar Jirgin Ruwa

Tikitin jirgin ruwan yawon shaƙatawa yakan ɗauki sunan babban birni, amma ba kasafai jirgin ke tsayawa a birnin ba. Wanda aka rubuta wa Roma, a garin Civitavecchia zai shiga jirgi, kimanin kilomita 70 arewa maso yamma da birnin. Wanda aka rubuta wa Landan, galibi Southampton zai nufa, tafiyar kusan kilomita 120. Ke nan kafin a hau ruwa akwai wata 'yar tafiya a ƙasa, daga filin jirgin sama zuwa masauki, daga masauki zuwa tashar jiragen ruwa. Ita ce mafi gajarta a duk tafiyar, amma kuskure kaɗan a cikinta na iya cinye duk kuɗin da aka biya.

Dalili kuwa shi ne jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Motar haya sai ta cika take barin tasha. Shi kuwa jirgi sa'arsa a ƙayyade take, ko ya cika ko bai cika ba. Yakan iso da asuba, ya sauke dubban fasinjojin da suka gama zagayensu, a gyara ɗakuna, a loda abinci da mai, sannan a fara karɓar sababbin fasinjoji wajen hantsi ko azahar. Da la'asar ko magariba ya ɗaga. An riga an ware masa lokacin barin matsaya da lokacin isa tashar gaba, kuma dole kamfani ya miƙa wa hukumomi jerin sunayen waɗanda ke ciki kafin a kwance igiya. Shi ya sa ake rufe ƙofar shiga awa ɗaya ko ɗaya da rabi kafin lokacin tashi da ke kan tikiti. Mutum na iya isowa ya ga jirgi a tsaye gabansa, a hana shi shiga.

Akwai kuma atisayen ceto, wanda tarihinsa ke da alaƙa da wannan tasha ta Civitavecchia. Da yammacin 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya bar ta, bayan 'yan sa'o'i ya yi karo da dutse kusa da tsibirin Giglio, mutum 32 suka rasu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a nuna musu inda za su taru ba idan hatsari ya auku, domin dokar lokacin ta yarda a jinkirta atisayen har sa'o'i 24. Daga Janairun 2015 dokar tsaron rayuka a teku ta wajabta yin sa kafin tashi ko nan take da tashi. Wannan ma ya ƙara matse lokacin shiga.

Nisan da ke tsakanin Roma da tasharta tsohon al'amari ne. Kogin Tiber da ya ratsa birnin ba ya ɗaukar manyan jirage, bakinsa kuma yashi na cike shi. Sarkin Rum Trajan ne ya gina tashar Civitavecchia a farkon ƙarni na 2, yau kuma tana cikin manyan tashoshin jiragen shaƙatawa na Bahar Rum: a 2023 fasinjoji fiye da miliyan 3 suka bi ta cikinta. Babban filin jirgin saman Roma, wato Fiumicino, yana bakin teku shi ma, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar birni, kilomita 60 kuma kudu da tashar jiragen ruwan. Wurare ukun sun zama kamar duwatsun murhu, kowanne a gefensa. Filin jirgi na biyu, Ciampino, yana ɗaya ɓangaren birnin, ya fi nisa da tashar.

Hanya mafi araha ita ce jirgin ƙasa, sai dai babu wanda ke zuwa kai tsaye daga Fiumicino zuwa Civitavecchia. Dole a shiga Roma tukuna. Leonardo Express na kai fasinja babbar tashar Termini cikin minti 32, daga nan a hau jirgin yanki mai bin gaɓar teku, wanda ke ɗaukar awa ɗaya zuwa awa ɗaya da minti 20, kuɗinsa bai kai yuro 10 ba. Wanda ya san gari ba ya zuwa Termini. Yakan hau jirgin yanki daga filin jirgin saman, ya sauka a tashar Trastevere ya canza jirgi a nan, ya rage hanya. Arahar tana da farashinta. Jirgin yanki ba shi da kujerar da aka keɓe wa mutum, wurin ajiye manyan akwatuna kaɗan ne, kuma a Termini yakan tashi ne daga layukan da ke can ƙarshen tasha, tafiyar mintoci da ƙafa ana jan kaya. Tikitin takarda sai an buga masa hatimi a na'ura kafin hawa, in ba haka ba akwai tara. Ga kuma yajin aikin ma'aikatan sufuri, abin da Italiya ta saba da shi. Sauƙin abin shi ne ana sanar da shi kwanaki kafin ranar, don haka mai dubawa ba ya shammatuwa.

Tasi ko motar shata na kai mutum daga filin jirgi zuwa tasha cikin kimanin awa ɗaya ta babbar hanyar A12, amma kuɗin ya haura yuro 100. Tasin da hukuma ta amince da su farare ne, suna da layinsu a ƙofar fita. Masu tare baƙi a cikin zaure suna tayin mota, gara a wuce su. Tsakanin waɗannan biyu akwai ƙananan bas na haɗaka da ake biya kan kowane mutum, sai kuma bas ɗin da kamfanin jirgin ruwa ke shiryawa. Ta kamfani takan fi tsada, kuma ana iya zama a jira ta cika, amma kamfanin na sane da waɗanda ke cikinta, idan cunkoso ya tsare ta matsalar tasa ce. Lissafin ya danganta da yawan matafiya. Mutum ɗaya mai ƙaramar jaka, jirgin ƙasa ya ishe shi. Iyali mai mutum huɗu da tsoho a cikinsu, idan aka raba kuɗin mota ɗaya, sau da yawa ta fi bas sauƙi.

Tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi ita ce ranar isowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya sauka a filin jirgi da safen ranar da jirgin ruwa zai tashi ya ɗora komai a kan jirgin sama ɗaya: jinkirin sa'o'i uku, ko dogon layin duba fasfo, ko akwatin da ya maƙale a filin da aka yada zango, kowanne ya isa ya rushe shirin. Kwana ɗaya a otal shi ne maganin da masu harkar suka fi ba da shawara, kuma a nan shawararsu daidai ce, domin akwatin da ya yi latti na iya riskar mai shi a otal, amma da wuya ya riske shi a tsakiyar teku.

Inda za a kwana kuma zaɓi ne tsakanin ganin gari da kwanciyar hankali. Kwana a Roma na ba da damar zagaya birnin, sai dai tafiyar awa ɗaya da wani abu na nan tana jira da safe. A tsohon garin tituna na duwatsu ne, wasu unguwanni an taƙaita shigar motoci, wasu ƙananan masaukai ba su da lif, kuma ana biyan harajin kwana kan kowane baƙo. Kwana a Civitavecchia ba shi da armashi sosai, amma mutum zai farka yana hangen jirginsa. Abin lura shi ne agogon otal da na tafiya ba sa haɗuwa: ba a cika ba da ɗaki kafin ƙarfe 2 ko 3 na rana ba, ana kuma son a fita kafin 11 ko 12. Yawancin otal-otal na karɓar ajiyar kaya a wannan tsakani.

Isa garin ba isa jirgi ba ne. Tashar jirgin ƙasa ta Civitavecchia na da tazarar fiye da kilomita ɗaya daga dandalin Largo della Pace, inda bas ɗin kyauta ke kwasar fasinjoji zuwa matsayar kowane jirgi, domin tashar ruwan ta miƙe kilomitoci a kan doguwar katangar da ke tare igiyar ruwa. A bakin jirgi 'yan dako ke karɓar manyan akwatuna, kowanne da takardar lambar ɗaki a liƙe, kuma ba za a sake ganinsu ba sai yamma. Fasfo da tikiti da magani a jakar hannu ya kamata su zauna. Wanda ya manta fasfonsa a akwatin da ya riga ya shige cikin dubbai, sai ya zauna a zaure ana nema.

Sauran tashoshi kowace da halinta. A Fort Lauderdale ta Amurka filin jirgi da tashar ruwa maƙwabta ne, 'yan mintoci a mota. A Barcelona ma ba nisa, kodayake manyan jirage na tsayawa a matsayar Adossat, wadda sai an haye gada. Southampton na da zaurukan fasinja biyar da ake shiga ta ƙofofi daban-daban, don haka gaya wa direba sunan gari kawai bai wadatar ba. Venice ta fi rikitarwa: tun Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin, wasu suka koma yankin masana'antu na Marghera, wasu kuma Trieste ko Ravenna, tafiyar sa'o'i biyu ko fiye, alhali tallar na ci gaba da ambaton Venice.

Idan duk da haka jirgi ya tafi ya bar mutum, a ƙa'ida shi zai biya kuɗin bin sa zuwa tashar gaba, sai fa idan ta hannun kamfanin ya sayi tikitin jirgin sama, ko yana da inshorar da ta ƙunshi rasa tashi. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 na tilasta wa kamfanin jirgin sama biyan diyyar yuro 250 zuwa 600 a wasu nau'o'in jinkiri, amma wannan bai kai kuɗin tafiyar da aka rasa ba. Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar akwai ƙarin shinge, domin tashar gaba na iya kasancewa a ƙasar da ke neman wata biza, kuma bizar Schengen ta shiga sau ɗaya ba ta ba da damar komawa ga wanda ya fita yankin. A Amurka kuwa wata doka ta 1886 ta hana jiragen da ke da rajistar ƙasashen waje ɗaukar fasinja daga wata tashar Amurka su sauke shi a wata, saboda haka ana iya hana wanda ya makara shiga a tasha ta biyu, sai ya tari jirgin a wata ƙasa.