Tsakanin Kirdado da Kasada

Kalmar Turancin nan speculation tana yawan fitowa a labaran tattalin arziki, kuma masu fassara kan ce "hasashe" su wuce. A ganina, rabin ma'anar ke nan. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin hasumiyar da mai gadi ke hawa don hango nesa. Turawa suka ba ta fuska biyu: kirdado ba hujja, da zuba dukiya a kan abin da ake tsammanin zai yi tsada.

Ɗan kasuwar Dawanau da ya sayi gero da kaka, ya kimshe a sito sai tsakiyar damina, abin da yake yi ke nan. In farashi ya tashi, ya dara. In ya karye, har uwar kuɗi ta taɓu. Haka masu sayen hannun jari da bashi suka tsiyace a Amurka a 1929.

Shi ya sa na fi son mu ce "kasada kan kirdado". Wanda ya ji "hasashe" zai ɗauka ilimi ne, ya miƙa jarinsa. Wanda ya ji "kasada" kuwa zai fara lissafin asarar da zai iya jurewa.