Gyaran Tsakiyar Keke Kafin Kaka

Manoma, ga kaka ta matso, keke kuwa shi ne jakin mutane da yawa yanzu. Shi ya kai taki gona da damina, shi kuma zai kai buhunan gero da wake kasuwa. Wurin da ya fi shan wahalar wannan aiki shi ne tsakiya, watau inda sandar feda ta ratsa gindin firam tana juyawa. A ciki akwai kwaf biyu, dama da hagu, kowane da harsashi 11 masu kaurin rubu'in inci, suna kwance cikin giris. Ruwan rafi da aka yi ta ƙetarewa da damina yakan wanke giris ɗin, yashi ya shiga, ƙarfe ya dinga cin ƙarfe.

Ga yadda za ka gane. Ka sauke sarƙa, ka kama hannun feda ka girgiza shi gefe da gefe. In ya yi kwararraf, ko kuwa ka juya ka ji gurzar yashi, to, lokacin buɗewa ya yi. Amma ka duba kota tukuna, wannan ɗan ƙusa mai noti da ke riƙe hannun feda, gama sau da yawa ita ce ta saki, tsakiya lafiyarta lau.

Wajen fid da kota, ka sassauta noti har ya yi daidai da bakinta, ka tokare hannun feda da guntun bututu daga ƙasa, sa'an nan ka ba ta guduma. In ba a tokare ba, dukan a kan harsashi yake sauka, ya lotsa kwaf. Daga nan ka kwance zoben hagu, ka fid da kwaf da sanda, ka wanke su da kananzir. Harsashi dai a sake shi duka, ba shi da tsada. Sanda ko kwaf da ka ga ƙananan ramuka a hanyar harsashi, ta gama aiki.

Kwaf na dama, wajen sarƙa, tiredinsa bahago ne. Yadda hannun agogo ke tafiya, haka ake kwance shi. In lafiyarsa lau, ka bar shi a wurinsa, ka goge kawai.

To, sai saye, nan ne kuwa ake asara. Kada ka je kasuwa hannu sake, ka tafi da tsohuwar sanda da kwaf a gwada a gabanka. Yawancin kekuna gindinsu faɗin milimita 68 ne, tiredi 24 a kowane inci. Amma tsofaffin Raleigh da aka ƙera a Nottingham ta Ingila nasu 26 ne, gindin kuma ya ɗan fi faɗi. Da ido ba za ka rarrabe ba. Kwaf ɗin zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, mai gyara mai gaggawa ya sa ƙarfi, tiredin firam ya mutu. Kwaf na ɗan kuɗi kaɗan ya jawo maka asarar keke sukutum. Saboda haka ka fara ɗaurawa da yatsu; in ya ƙi, ba nasa ba ne.

Akwai kuma sabuwar tsakiya rufaffiya, wadda ba a buɗewa, ba a sa mata giris. Tana jimre ƙura da ruwa ƙwarai, ni ma na fi son ta ga wanda kekensa zai karɓa. Sai dai yawancinta bakin sandarta mai kusurwa huɗu ne, hannun feda mai kota ba zai hau ba sai an sake shi duka. Tsawon sandar ma sai ya dace, in ba haka ba sarƙa ta karkace ta yi ta faɗuwa.

Wajen mayarwa, ka cika kwaf da giris, ba man gyaɗa ko baƙin mai ba, ka jera harsashi. Gefen sanda mai tsawo shi ne na sarƙa. Ka ɗaura kwaf na hagu har girgiza ta ɓace amma sanda na juyawa sumul, ka riƙe shi, ka ɗaure zobe, ka sāke gwadawa. Kotoci biyu su kalli gabas da yamma, in ba haka ba fedoji ba za su miƙe daidai ba. Da guduma ake zaunar da kota, noti riƙo kawai yake yi. Bayan tafiyar mako guda ka ƙara mata bugu, ka ƙara ɗaure noti.